Ranar da Inna ta Fassara Waƙar Ruwan Shuka

A shekarata ta huɗu da fara koyarwa a Filinge aka ba ni ajin mata na yaƙi da jahilci. Da safe ina tare da yaran lakwal, wato makarantar boko, da la'asar kuma in koma wata rumfar zana da ke bayan azuzuwa, inda matan ke jirana a kan tabarmi, kowace da ƙaramin allonta da guntun alli. Ana buɗe ajin bayan an gama kai hatsi rumbu, a rufe shi kafin ruwa ya sauka, domin da hadari ya fara haɗuwa ba wadda ke da sauran hankalin baƙi da wasali.

Matan iri-iri ne. Akwai matan ƴan kasuwa, akwai masu sayar da kopto, kwaɗon ganye, a bakin tasha, akwai matan manoma na unguwannin gefen gari, da matar wani jandarma, Bazabarma, wadda Hausarta ke ba kowa dariya har da ita kanta. Wadda ta fi kowa saurin ɗauka ita ce wata Hajiya, matar babban dillalin hatsi, mace mai fara'a da sakin hannu. Ita ke kawo mana ruwan sanyi ranar da zafi ya tsananta. Ta ce abin da ya kawo ta ajin shi ne ta gaji da miƙa wa jikoki wayarta su karanta mata saƙon da ba nasu ba.

A shekarar ce na haihu, Inna ta zo mini wankan jego daga ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Sanam, tafiyar awa biyu a ƙafa. Mahaifina ya riga ya rasu, ƙannena maza sun tafi cin rani, sai na roƙe ta ta zauna da ni har faɗuwar damina. Da na koma aiki, ita ke goyo jaririyar ta kawo mini ita rumfa ta sha nono, sannan ta zauna can ƙarshen tabarma, ta ba mu rabin baya. Ni ce ƴarta ta fari, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, in za ta yi mini magana kuwa sai ta fuskanci bango ko ƙofa ta faɗa.

Wata rana matar jandarman ta nuna mini gefen Inna da haɓa. A kan yashi, kusa da ƙafarta, ga layin harrufa nan, "b" da "d" da "a", wasu a tsaye wasu a kwance. Da Inna ta lura ana kallo sai ta shafe su da tafin hannu. Washegari Hajiya ta zo da allo biyu, ta matsa a tabarmarta, ta ce, "Yaya, zo nan kusa da ni."

Hankalina bai kwanta ba. Ban san yadda zan tsaya gaban mutane in ce wa mahaifiyata ta yi kuskure ba. Ita ta raba mini gardamar. Ranar farko ta ɗaga hannu yadda sauran ke yi, ta kira ni Madam, ta nuna mini allonta. Daga nan a rumfa ni Madam ce, a gida kuma in koma wadda ba a kiran sunanta. Akwai wata damuwar kuma da a lokacin ban yarda in faɗa wa kaina ba. Tun ina shekara bakwai aka kawo ni Filinge wajen gwaggona don karatu, na girma ina maganar ƙauye yadda mutanen gari ke yinta. In na hango dundunniyar Inna da fasonta kusa da ƙafar Hajiya mai lalle, sai in kau da kai in koma kan allo.

Karatu bai zo mata da sauƙi ba. Idonta ya fara rauni, hannunta kuma ya saba da ƙotar hauya, alli yakan karye mata sau uku a zama ɗaya. Amma ba ta taɓa fashi ba. Kafin bazara ta kai inda take haɗa kalma da kanta, a hankali, tana bin ta da yatsa.

Kusa da ƙarshen littafin da muke karantawa akwai wata gajeriyar waƙa, layi huɗu, ba sunan mai ita:

Hadari ya taso daga gabas,
bai tambayi gonar wa ce ba.
Ya jiƙa tudu, ya jiƙa fadama.
Da safe, sawun wa ke cikin danshi?

A littafin jagoran malami an yi bayaninta. An ce rahamar Allah ba ta wariya, ruwa yana sauka ga kowa daidai, abin da ya rage sai himma. Sawun da ake gani cikin danshi na mai ƙwazo ne da ya yi sammako, raggo kuwa yana kwance. Haka na koya wa matan, sun maimaita, na ji daɗi. Inna kaɗai ba ta maimaita ba ranar. Na ɗauka gajiya ce.

Saura mako biyu a rufe aji aka sanar da mu cewa wani dattijo zai zo daga Yamai, tsohon malamin lakwal ne da ke zagayen duba azuzuwan manya. Na shirya sosai. Na sa aka yayyafa wa rumfa ruwa aka share, na zaɓi Hajiya ta karanta waƙar, na maimaita da ita har ta iya ba gargada. Mutumin ya iso bayan la'asar, siriri, da farin gashi da tabarau mai kauri. Direktan lakwal ya sa a kawo masa kujera, ya ce a bar ta, ya zauna a bakin tabarma ya naɗe ƙafa. Ya saurari ƙidaya, ya duba alluna, ya yi wa matar jandarman barkwanci da Zabarmanci. Da aka zo kan waƙar na buɗe baki zan kira Hajiya, sai ya riga ni. Ya ce yana so wadda ta fi kowa shekaru a ajin ta karanta.

Kowa ya juya wajen Inna. Ta gyara mayafinta, ta ɗauki littafin ta kai shi kusa da ido, ta ɗora yatsa. Ta tsaya a kan "tambayi" har na ji kamar in faɗa mata, ta koma farkon kalmar ta sake tahowa, ta wuce. Ta yi tuntuɓe a "danshi", ta gyara da kanta. Ba wadda ta sa mata baki. Da ta kai ƙarshe na ga allin da ke hannuna ya zama gari. Dattijon ya ce madalla, matan suka yi tafi.

Sai ya tambayi abin da waƙar ke nufi. Hajiya ta ba da amsar da muka koya, tsaf, har da ƙarin cewa shi ya sa maigidanta ba ya bari rana ta fito ba a fara shuka a gonakinsa ba. Dattijon ya gyaɗa kai, ni ma na saki numfashi. Ina shirin rufe darasi na ga hannun Inna a sama.

"Madam, in hwaɗi tawa?"

Dattijon ne ya ce ta faɗa.

Ba ta dube shi ba, littafin take kallo. Ta ce, "Wanda ya rubuta wagga waƙa ya san ruwa. Ban sani ba ko ya san sawu."

Ta fara da abin da duk wanda ya taɓa shuka ya sani. Namiji yana gaba da sungumi yana sara rami, mace tana biye tana jefa iri, ta rufe da dundunniya ta danne. Saboda haka kowane rami sawun mutum ne a kansa. Ta ce layin farko da na biyu gaskiya ne, hadari ba ya tambaya. Amma a duba na uku. Ruwan da ya sauka a tudu ba ya kwana a tudu, gangarawa yake yi ya tarar da na fadama, kuma kowa a rumfar nan ya san su wa ke da fadama, su wa ke da tudu. Danshin tudu kwana biyu ne. A rana ta uku sai an zurfafa sara kafin a same shi, irin da aka jefa ranar kuma rabi ke fitowa.

Sannan ta ce ruwan farko yakan sauka ne lokacin da rumbun talaka ya daɗe da zama wofi. Ita da mahaifina, shekara da shekaru, daren da aka yi ruwan shuka ba gonarsu suke tunani ba. Asubar fari suke bin hanya zuwa fadamar masu hali, su yini suna shuka, a ba su tiyar hatsi su kawo wa yara. Kwana biyu suna can. Sai a na uku su hau tudunsu da ƙwaryar iri.

"To wanda ya biyo hanya da sahe," in ji ta, "shina ganin babbar gona cike da sawu, shi ce mai gonag ga akwai himma. Mai gonar kuwa shina shago. Shi wuce shi ga tawa ba sawu sai na tsuntsu, shi ce wagga ta raggo ta. Alhali ƙahwa guda ta. Ni a ganina waƙar ba tambaya take wa ya tashi da wuri ba. Tambaya take ƙahwar wa ke gonar wa."

Masu sayar da kopto suka sunkuyar da kai, ɗaya a cikinsu tana ta gyaɗa shi a hankali. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Duk wannan a gidanmu aka yi shi, da hatsin nan aka yi mini guzurin zuwa lakwal, kuma ni ce na tsaya a gabanta na ce mata mai gonar da ba sawu raggo ne.

Hajiya ce ta fara magana, muryarta ta ɗan canza. Ta ce ai ba a tilasta wa kowa, ana biyan mutane hakkinsu, kuma su a gidansu ba a taɓa barin ƴan shuka da yunwa ba.

Inna ta juyo ta dube ta da sakin fuska. "Gaskiya ta, Hajiya. Hurarku da nono take, ba ruwa ba. Kina amarya ke kinka kawo muna ita gindin gawo, da zane mai ruwan ganye. Ban ce kun zalunce mu ba. Cewa na yi sawun nawa na."

Wata huɗu suna zaune tabarma ɗaya, suna aron alli, Inna ba ta taɓa nuna ta san ta ba. Hajiya ta sa hannu ta riƙe haɓa.

Dattijon ya cire tabaransa ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ni dai na gama yanke cewa zai rubuta ban iya riƙe aji ba. Da ya mayar da tabaran sai ya ce, "Inna, ni na rubuta waƙar."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce ya yi mata gafara, da ta san mai abu yana zaune da ta yi shiru. Ya ce da ta yi shiru da ya koma Yamai yadda ya zo. Ya ba mu labari cewa shi ɗan ma'aikaci ne, a gari ya tashi, bai taɓa riƙe sungumi ba. Farkon aikinsa aka tura shi wani ƙauye kusa da Damana, a ƙasar Tondikandiya. Wata safiya bayan ruwan farko ya bi gefen wata gona a kan keke, ya ga sawun dundunniya jere-jere iyakar ganinsa, abin ya yi masa kyau, ya tsaya ya rubuta layi huɗun a bayan littafin shirin darasi. Ya yi tambayar ne bai nemi amsa ba. Da aka zo haɗa littafin manya aka ce a sa bayani, shi da kansa ya zauna a ofis ya rubuta zancen himma da lalaci, domin shi ne abin da ya zo masa. Ya ce shekarunsa da yawa yana yawo yana jin mata suna maimaita masa bayaninsa, yana jin daɗi, ashe cikin masu maimaitawar akwai masu sawun.

Ya roƙi Inna ta rubuta abin da ta faɗa, da hannunta, a aika masa. Na ce zan rubuta mata in ta faɗa. Ya ce a'a. Inna ma ta ce wa ginshiƙin rumfa a'a.

Kwanakin da suka rage a kan wannan takarda suka ƙare. Bayan azahar takan zauna inuwar dogon yaro a tsakar gida, da kaye, littafin rubutu, a cinya, alƙalamin bik a hannu, jaririya a gefe. In ta maƙale ba ta tambayata. Sai in ji ta ce wa jaririyar, "Ke, tambayi uwarki, ƙugiyar harahin ga gaba take kallo ko baya?" Ni kuma in amsa wa jaririyar daga ɗaki. Ta yaga shafi ya fi biyar. Abin da ya rage a ƙarshe gajere ne, harrufan manya-manya, layin yana gangarawa:

"Ruwa na kowa na. Sahiyar ruwa ba ta kowa ba ta. Mai hatsi a rumbu shina shibka tashi, marar hatsi shina shibka ta wani. In kun ga gona ba sawu kada ku ce mai ita raggo na. Ku tambayi inda ƙahwarshi ta wuni."

Na karanta shi a tsaye a tsakar gida, na sake karantawa. Na yi shekaru ina gyara rubutun yara da jan bik, amma ban taɓa riƙe takardar da ta sa na ji girman kaina kamar wannan ba. Ranar na sa ta a ambulan na kai tasha da kaina, kuma duk wanda ya tambaye ni a hanya na gaya masa rubutun mahaifiyata ne.

Hajiya kuwa kwana huɗu ba ta zo aji ba. Na je gidanta ina tsoron fushi take. Na tarar ba fushi ba ne. Ta ce shekara talatin tana aika fura gona tana ganin kanta mai alheri, ba ta taɓa tambayar kanta yaushe mutanen nan ke shuka tasu ba. Ta dawo ranar rufe aji, ta zauna inda ta saba, ta matsa wa Inna wuri. Da damina ta faɗi ta nemi maigidanta ya riƙa sallamar ƴan shuka da azahar a ranar farko, da tiyarsu cikakka, don su samu su hau tudu da sauran danshi. Ya ce ba zai iya ba, kowa da lokacin nan yake tsere. A gonarta ta gado dai, wadda ba mai iko da ita sai ita, haka ta yi, kuma na ji har yanzu haka take yi. Gona ɗaya ce cikin da yawa, ban ce ta canza ƙasarmu ta Kurfai ba.

Inna ta koma ƙauye kafin ruwa. Tun da na fara aiki ba ta sake zuwa shukar kowa ba, wannan kam na riga na ɗauke mata. Ruwan farko na shekarar ya sauka ranar Juma'a, sai na goya ƴata da sassafen Asabar na hau kabu-kabu na bi ta. Kawuna yana gaba da sungumi, ni da Inna muna biye. Rabona da shuka tun ina ƙarama, sai da ta nuna mini da ƙafa yadda ake dannewa ba tare da an tura irin can ƙasa ba. Gonar ba ta da girma, kafin la'asar mun gama. Na zauna ina duba dundunniyata da ta yi ja, sai na ga ta ɗauki ƙwaryar da sauran iri ta tsallaka iyaka zuwa gonar maƙwabciyarta, wadda mijinta bai dawo daga cin rani ba, ita kuma tun asuba tana fadama wajen shukar wasu. Kawu ya bi ta ba tare da an ce masa komai ba. Na tashi na bi su.

Sai bayan damina biyu sabon littafin jagoran malami ya iso. A ƙarƙashin waƙar yanzu bayani biyu ne. Na farko shi ne tsohon, an rage shi. Na biyu an rubuta a samansa cewa fassarar wata ɗaliba ce daga ƙasar Kurfai, kuma an umurci malami ya bar ɗalibai su faɗi tasu kafin ya karanta musu ko ɗaya. Na tafi da shi ƙauye a hutun da ya biyo baya, na ajiye mata a kan tabarma, na buɗe shafin.

Ta karanta a hankali, da yatsa, har ƙarshe. Na jira in ga murna. Sai na ga ta ɓata fuska. Masu buga littafin sun mayar da maganarta Hausar littafi. Inda ta ce shibka sun sa shuka, hatsi ya koma gero, ƙahwa ta koma ƙafa. Ta ce ita ba haka ta faɗa ba, wannan bakin wata ce. Na yi mata bayanin cewa haka ake yi don mutanen ko'ina su gane. Ta ce mutanen ko'ina ai suna da hankali, in sun ga hatsi za su san abin ci ne.

Ta aika aka ɗauko mata bik daga cikin kwallarta. Ta zauna ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya tana sokewa, tana rubuta nata a sama da manyan harrufanta, har da "na" a inda suka sa "ne". Ya ɗauke ta daga azahar zuwa la'asar. Da ta gama ta hura shafin kamar tawada ce ba ta bushe ba, ta rufe littafin, ta tura mini shi da bayan hannu, ta tashi ta tafi ba awakinta ruwa. Da wannan kwafin nake koyarwa har yau, kuma in na zo shafin, nata nake karantawa.